Bashin Dariya: Ɗan Daudu, Fim, da Mu Masu Kallo

A farkon shekarun 2000 akwai wata rumfar zana a Barkiya inda ake nuna fim da janareta bayan sallar isha'i. Manya su hau benci, mu yara mu baje a ƙasa, ƙarar injin tana cinye rabin maganar da ake yi a talabijin. A nan na fara ganin Ibro Ɗan Daudu. Na tuna zanen da ya ɗaura a ƙirji, da tafa hannu, da karya murya, da yadda rumfar ta kusa rushewa saboda dariya. Wani dattijo da na sani da tsare gida har ƙwalla ya yi. Kafin sati ya zagayo babu yaron da bai iya rangwaɗar ba.

A lokacin ina makarantar sakandare a Dutsin-Ma. Kusa da tasha akwai wani mai tuwo, ɗan daudu ne na gaske, mai shekaru kamar hamsin, wanda direbobi da kwandastoci da mu ɗalibai muke ci a wurinsa saboda miyarsa ta fi ta kowa, kuma yana ba da bashi. Wata rana mu huɗu muka tsaya gaban tukwanensa muna kwaikwayon Ibro. Bai kore mu ba. Ya bari muka gama, ya zuba mana tuwon, sannan ya ce: "'Yan samari, ku gaida mini Ibro. Ku ce masa ya yi suna da rangwaɗata, ni kuwa har yau mai itace yana bina." Direbobin da ke wurin suka tuntsire. Mu ma muka yi dariya, amma ba irin ta rumfa ba. Wannan ta tsaya mana a maƙogwaro, ta hana tuwon wucewa.

Bambancin waɗannan dariya biyu shi ne abin da nake son mu duba. Dalilin taso da shi yanzu kuwa, a shekarar 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da haramta fina-finan da ke nuna daba da daudu. Mu Katsinawa ne, amma abin da Kano ta dafa shi muke ci a harkar fim. Ra'ayina shi ne haramcin ya kuskure ciwon. Abin da ya lalace a fina-finanmu shi ne irin dariyar da aka yi shekara da shekaru ana sayar mana, kuma cire ɗan daudu daga allo ba ya gyara ta. Zan faɗi tun da wuri, don kada mai karatu ya yi ta laluben abin da babu: ba fatawa na zo bayarwa ba, hukuncin luwaɗi a Musulunci sananne ne, kuma ba a kansa nake jayayya ba. Maganata a kan fim ce da kuma masu kallonsa.

Akwai wani nau'in barkwanci da masu sharhin fim na Turai suke kira baƙin barkwanci. Ni na fi son in ce barkwanci mai ɗaci. Shi ne a ɗauki abin da ya kamata a yi wa kuka, mutuwa ko kurkuku ko ciwo ko tozarci, a ba da labarinsa ta yadda mai sauraro zai yi dariya, sannan ya ji kunyar dariyar da ya yi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna majalisa a Kurfi ko Safana ko Batsari cikin shekarun nan na 'yan bindiga ya ji shi. Wani zai ce shi ko an ɗauke shi bai damu ba, don danginsa katin waya kawai za su aika daji su ce a ci gaba da riƙewa. A yi dariya, alhali a cikin masu dariyar akwai wanda ya sayar da gona ya fanso ɗansa. Babu mai jin haushi, saboda mai maganar shi ma a cikin wutar yake. A ce wani ya zo daga Abuja cikin mota mai sanyi ya yi wannan raha, sai an raba shi da mutane.

Ka'idar ke nan, kuma ba ta da wuya. A barkwanci mai ɗaci, wanda abin ya shafa shi ke riƙe da wuƙar, kuma yakan yanki kansa, ya yanki masu ƙarfi, ya yanki mai kallo. A dariyar ƙeta kuwa, masu rinjaye ne ke riƙe da ita, kuma wuyan mutum ɗaya ake nema. 'Yan kama na dā, masu juya karatun malamai da waƙoƙin fada su mai da su zancen tuwo da nama, sun san wannan ka'ida: sama suke harbi, ko kuma su harbi cikinsu. Wawan sarki ma haka.

A ƙasashen waje an yi fina-finai na wannan nau'i a kan rayuwar maza masu neman maza, kuma biyu daga ciki sun ishe mu misali. Na farko shi ne I Love You Phillip Morris, na 2009, wanda Jim Carrey da Ewan McGregor suka fito a ciki. Labarin gaske ne na wani Ba'amurke, Steven Russell, tsohon ɗan sanda, mai mata da 'ya, mai zuwa coci, wanda ya watsar da wannan rayuwa ya koma damfara don ya ɗauki nauyin sabuwar da ya zaɓa. Aka ɗaure shi a Texas, ya haɗu da wani fursuna ya kamu da sonsa, ya yi ta tserewa daga kurkuku ana kamo shi. Ƙololuwar fim ɗin ita ce inda muke ganinsa yana ramewa a gadon asibiti da ciwon ƙanjamau, har a ce ya mutu. Mai kallo ya gama tausayi, sai ga shi ya shigo da kwat a matsayin lauya: yunwa ya zauna da ita da gangan, ya ƙirƙiri takardun asibiti na jabu. A ƙarshe hukuncin da ke kansa ya kai shekara 144. Abin lura shi ne cutar da ta kashe dubban irinsa a shekarun 1980 da 1990 ita ya mai da makullin ƙofa, kuma ya yi nasara ne saboda jami'an kurkukun ba su ga dalilin sake gwada jininsa ba. A ganinsu irin mutuwar da ta dace da shi ke nan. Dariyar tana faɗawa kansu, tana kuma faɗawa kanmu da muka gaskata da sauri kamar yadda suka gaskata.

Na biyu, Rotting in the Sun, na 2023, ya fi wancan duhu. Daraktan, Sebastián Silva ɗan ƙasar Chile, ya fito da sunansa na gaskiya a matsayin mai zane da ya gaji da duniya a birnin Meziko, yana shaye-shaye yana tunanin kashe kansa. Ana tsakiyar fim sai ya faɗo daga saman bene bisa tsautsayi, suna ɗaukar kujera shi da mai aikin gidan, wata mata talaka. Daga nan labarin ya bar shi ya koma kanta: tsoronta, da ƙaryar da take jerawa, don ta san babu mai yarda da 'yar aiki. Wani Ba'amurke ɗan soshiyal midiya da ya zo nemansa ya dame ta da tambayoyi ta manhajar fassara ta waya, kuma ranar da ta faɗi gaskiya manhajar ta hargitsa maganar. Fim ne mai tsiraici da yawa, ba na ce kowa ya nema ba. Na kawo shi ne saboda abu ɗaya: mai yinsa yana cikin mutanen da yake ba da labarinsu, kuma bai raga musu ba ko kaɗan. Ya nuna su da son kai, da holewa marar daɗi, da rashin ganin talakan da ke share musu ɗaki. Wanda ke zaton irin waɗannan fina-finai talla ce kawai ta wannan rayuwa, bai kalli wannan ba.

Amurka da Meziko sun yi mana nisa. Indiya kuwa a cikin ɗakunanmu take tun zamanin silima. A 2008 aka yi Dostana, inda Abhishek Bachchan da John Abraham suka yi ƙaryar cewa masoya ne don su sami hayar gida. Dariyar rumfa ce tsantsa, irin ta Ibro: maza biyu lafiyayyu suna kwaikwayo, uwa tana suma. A Satumban 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta soke hukunta manya da suka yi tarayya bisa yarda a ƙarƙashin sashe na 377, dokar da Turawan Ingila suka bari. Shekara huɗu bayan haka aka yi Badhaai Do, inda Rajkummar Rao, ɗan sanda mai son maza, da Bhumi Pednekar, malamar motsa jiki mai son mata, suka auri juna don dangi su ƙyale su. Fim ɗin ya fi laushi, ƙarshensa ma na sulhu ne irin na Indiya. Amma a tsakiyarsa abin dariyar ya tashi daga kan mutum biyun ya koma kan dangi: gwaggwanni masu ƙirga watanni, masu kawo maganin haihuwa, masu shirye su karɓi kowace ƙarya muddin za a yi biki a fita kunya. Duk Bahaushen da ya kalli wannan ɓangare zai gane fuskoki.

Mu dawo gida. Ɗan daudu ba Turai ta aiko shi ba, ba kuma intanet ta haife shi ba. Ya daɗe a tashoshin mota da kasuwanni da gidajen biki, yana tuwo-tuwo, yana soya kaji, yana rawa a ajo, a dā yana kusa da 'yan bori da gidajen mata masu zaman kansu. Wani masani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya wallafa littafi a 2009 mai suna Allah Made Us. Abubuwa biyu daga bincikensa suna da amfani a nan. Na ɗaya, daudu da luwaɗi ba abu guda ba ne, duk da bakin jama'a ya haɗe su. Daudu sana'a ce da salon magana da motsin jiki da kowa ke gani. Akwai 'yan daudu masu neman maza, akwai waɗanda ba sa yi, akwai kuma maza masu yawa da ke yi waɗanda babu ko ɗigon daudu a jikinsu, masu gemu da iyali da mutunci a unguwa. Da yawa daga 'yan daudun ma suna aure, suna haihuwa, suna zuwa Makka. Na biyu, makaminsu harshe ne. Habaici da zambo da gugar zana, a nan suka ƙware, domin wanda ba shi da ƙarfi ba shi da gata sai ya wasa bakinsa. Abin da mai tuwon tasha ya yi mana ke nan. Barkwanci mai ɗaci a kan wannan rayuwa yana nan cikin Hausa tun kafin a kawo kyamara, masu shi ne ba a taɓa miƙa wa alƙalami ba.

Abin da masana'antar Kano ta ɗauka shi ne ɓawon. Tun daga Turmin Danya a 1990 har kasuwar kaset ta bunƙasa, ɗan daudu ya zama kayan miya: in labari ya yi sanyi a jefo shi. Tsarin kusan ɗaya ne. Ya shigo da zane da fari da ido, ya haɗa gulma, ya yi kawalci, a yi dariya, sannan a kusa da ƙarshe ko dai ya sha duka, ko a kama shi, ko malam ya yi masa nasiha ya tuba cikin minti biyu. Mai kallo ya ci riba biyu: ya sha dariyar, ya kuma fita yana jin shi mutumin kirki ne. Ba a tambayar ina uwarsa, wa ya kore shi daga gida yana ɗan shekara goma sha uku, su wa ke zuwa wurinsa da dare, me yake ji in ya shiga sahu aka matsa gefe.

Ba na ɗora wa Rabilu Musa laifi shi kaɗai, Allah ya jiƙansa. Gwani ne da ba a maye gurbinsa ba tun rasuwarsa a Disambar 2014, kuma a wasu fina-finan, irin su Ibro Usama, ya taɓa abubuwan da wasu ke tsoron taɓawa. Rayuwarsa ma ta ɗanɗana barkwanci mai ɗaci: mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga fim, shi ne kotun tafi-da-gidanka ta tura gidan yari a 2008 a kan Ibro Aloko, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabancin hukumar tacewa. Bayansa Ado Gwanja ya yi suna da fitowa a ɗan daudu kafin waƙa ta ɗauke shi, kuma ya iya ƙwarai. Kasuwa ce ta nema, mu ne kasuwar.

Yanzu ga haramci. Hujjar masu goyon bayansa ba wasa ba ce, kuma ni shaida ne a kanta: yara suna kwaikwayon abin da suka gani, mu ma mun yi. Uban da ya ga ɗansa yana karya murya a tsakar gida yana da haƙƙin ya damu. Sai dai a duba abin da muka kwaikwaya. Cikin mu huɗun nan babu wanda ya zama ɗan daudu. Abin da muka koya a rumfa shi ne akwai mutumin da ya halatta a tsaya gabansa a wulaƙanta shi yana zuba maka abinci. Wannan darasi ya zauna, kuma haramcin bai taɓa shi ba. Hasali ma an haɗa ɗan daudu da ɗan daba a jimla ɗaya, mai ludayi da mai gora da wuƙa, kamar barnarsu ɗaya ce. Ga shi kuma ikon hukumar bai kai inda yaran suke ba. Wayar da ke hannun ɗan sakandare a Dutsin-Ma cike take da TikTok, inda samari ke ɗaura ɗankwali don neman mabiya, ba labari, ba darasi, ba ko tuban minti biyun. An rufe ƙofar da mai hankali zai iya bi ya faɗi wani abu, an bar tagar da babu mai tsaro.

Doka kuwa ba ta taɓa yin sassauci ba, balle a ce fim ne ya cike gurbinta. Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, an tsara ta ne bisa ta Sudan, ita kuma bisa ta Indiya, kuma ta tanadi hukunci ga wannan aiki, har ta sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin masu gararamba. A 2000 Kano da Katsina suka bi Zamfara wajen ƙaddamar da Shari'a. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. A cikin watan nan taron jama'a ya yi ruwan duwatsu a wata kotun Shari'a a Bauchi inda ake sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma, alƙali bai gama aikinsa ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna. Shari'a tana da sharuɗɗa masu tsauri: shaidu, iƙirari, alƙali, da hana bin diddigin asirin mutane. Suratul Hujurati ta hana izgili, ta hana jifa da munanan laƙabi, ta hana leƙen asiri, duk a ayoyi biyu maƙwabta. Taron jifa ba shi da sharaɗi ko ɗaya. Hujjarsa tafiyar mutum da muryarsa, wato daidai alamomin da fim ya shekara ashirin yana koya mana mu gane mu yi ihu. Kuma wa ake kamawa? Mai tuwo, mai kitso, yaron da ba shi da kowa. Mai babbar riga da ke aiko direba ya ɗauko yaron ba ya rangwaɗa, saboda haka ba a ganinsa.

A nan ne nake ganin asarar da muka yi ta fuskar fasaha. Labaran da ke cikin wannan lamari a ƙasar Hausa, in da za a ba da su da gaskiya, barkwanci mai ɗaci ne da kansu, ba sai an ƙara gishiri ba. Akwai alhajin da ya fi kowa tsine wa 'yan daudu a majalisa, kowa kuma ya san dalili, kowa yana cewa "Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya". Akwai 'yan damfarar da ke yaudarar mutum ta waya su kira shi wani ɗaki, su ɗauki hotonsa, su yi ta tatsar sa wata da watanni, sun tabbata ba zai je wurin 'yan sanda ba, kuma su a ransu aikin lada suke yi. Sannan akwai wadda ta fi kowa ban tausayi, wadda ba a taɓa yi wa fim ba: yarinyar da aka aurar wa mutum don a rufe bakin duniya. Dangin miji sun sani ko sun yi zato, suka ce aure zai gyara shi. Ita ba ta san komai ba. Ta shekara tana shan tsimi da gumba, tana sayen turare, ana ce mata ita ce ba ta iya ba, uwar miji tana kai ta wurin masu magani. In ta yi ƙorafi a ce ta yi haƙuri, in ta fita a ce ta kasa zaman aure. Duk likita ko lauya ko malamar makaranta da ke karanta wannan ta san aƙalla mace ɗaya irin wannan. Ba ka buƙatar sauya ra'ayinka a kan hukuncin addini kafin ka yarda an zalunce ta, kuma shirunmu ne ya ɗaura auren.

Fim ɗin da zai ba da labarinta dole ya nuna mijin a matsayin mutum, mai tsoro da son kai da kunya, ba dodo ba, ba kuma abin wasa ba. Dole ya nuna waliyyai da 'yan kai lefe da mu 'yan cin shinkafa. Dariyar za ta faɗo a kanmu. Ina zargin wannan ne ainihin abin da ba ma so, fiye da zanen da Ibro ya ɗaura.

A Kudu an gwada taɓa batun, amma ta hanyar kuka. Ìfé, na 2020, labarin mata biyu, bai bi ta silima ba saboda barazanar hukumar tace fina-finai ta ƙasa, a intanet aka sake shi. Fim ɗin Babatunde Apalowo, All the Colours of the World Are Between Black and White, ya ci kyautar Teddy a bikin fina-finai na Berlin a 2023, kuma 'yan Najeriya kaɗan ne suka gan shi. Fina-finai ne masu nauyi da shiru, kuma a ganina sun fi magana da alƙalan bukukuwan Turai fiye da mai kallo a Funtuwa. A nan masu cewa akwai hannun waje suna da abin kamawa: kuɗin waje yana son labari iri ɗaya, na wanda aka zalunta da al'ummar da ba ta waye ba, kuma Bahaushe yana jin ƙanshin wannan raini tun daga nesa ya toshe kunne. Abin da nake magana a kai daban ne. Labari ne da za a rubuta da Hausa don Hausawa, da habaicinmu, wanda ba ya neman a sauya doka ko a ɗaga tuta, yana neman kawai mu kalli abin da muke yi. Al'adar da ta bar 'yan mata su yi shigar maza a tashen Mairama da Daudu don su koya wa juna zaman aure, ta bar Nalako ya bi gwauraye da ganga a Kano cikin azumi, ba za a ce ba ta san yadda ake faɗin gaskiya da wasa ba.

Za a ce mini duk fim ɗin da ya nuna irin wannan mutum da tausayi ya halatta aikinsa. Ban yarda ba, kuma fina-finanmu da kansu sun ƙaryata haka. Mun kalli ɓarayi da mashaya da matsafa da kishiyoyi masu kisa, an nuna mana dalilansu, mun tausaya wa wasu, ba mu fita mun ce sata ta halatta ba. A kan mutum ɗaya ne kawai muka ce fahimta haɗari ce. Na kuma san babu furodusan da zai zuba kuɗinsa a wannan aiki gobe, ga hukuma ga masu wa'azin soshiyal midiya. Wataƙila a rubutaccen labari zai fara fitowa, kamar yadda marubuta mata na Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu, suka fara taɓa auren dole da sakin wulaƙanci a littafi tun ana zaginsu, kafin fim ya biyo baya.

Bara na je gida, na bi ta Dutsin-Ma, na tambayi wani tsohon direba labarin mai tuwon. Ya ce ai ya rasu da daɗewa, a ɗakin haya, ba mata ba ɗa. Ya ce da safen an yi ta jan ƙafa a kan wanka da sallah, wannan ya ce yana da uzuri, wancan ya ce a jira dangi, alhali kowa ya san babu dangin da za su zo. Ana cikin haka yaron da ke yi masa wanke-wanke ya fito da wani littafi daga ƙarƙashin katifa, ya ce marigayin ya bar wasiyya a karanta. Da ajami aka rubuta shi, da hannu mai kyau, don ashe ya yi allo har ya yi nisa kafin duniya ta juya. Sunayen masu cin bashin tuwo ne, shekara da shekaru, kowa da adadinsa, kuma a shafin ƙarshe ya rubuta cewa ya yafe wa duk wanda ya raka shi. Direban ya ce ba a kai ga karanta suna na biyar ba sahu ya cika har titi.

Na tambaye shi ko an ga sunayen 'yan makaranta a ciki. Ya dube ni ya ce, "Malam, shafinku daban ya ware."